Ɓerayen Balaraba da Shari'ar Maganin Tari

Balaraba suna ne da ba ya wuya a Madarumfa, domin kusan kowace unguwa tana da macen da aka haifa ranar Laraba. Amma mai ɓerayen Masar ɗaya ce tak, kuma gidanta yana can gefen gari, inda hanya take gangarawa zuwa tabki. Baƙo ba ya bukatar jagora. Da zarar ya kusa, zai ji tsuwarsu tana tashi ta bayan danga kamar an tara yara an raba musu usur.

Mahaifinta, Audu, mai maganin tari ne da sunansa ya kai garuruwan Safo da Sarkin Yamma, har ya tsallaka iyaka. Balaraba ce babbar ɗiyarsa, kuma tun tana ƙarama ita take daka masa sassaƙe da saiwa, ita take tace su, ita take wanke babbar tukunyar da ake jiƙa su a ciki. Duk da haka, da ajalinsa ya matso, ba ita ya kira ba. Ƙanenta Haruna ya kira, ya raɗa masa sunayen itatuwan da yadda ake haɗa su, domin a gidansu ɗa namiji ake bai wa asirin. Balaraba ba ta yi ƙorafi ba. Abin da ya zamo rabonta ta riga ta same shi tun tana budurwa: wani fatake da Audu ya yi wa magani ya kawo masa ɓerayen Masar biyu a kwando, don nuna godiya, Audu kuwa ya rasa abin da zai yi da su, ya miƙa mata.

Ranar da aka kai ta gidan Lawali masunci, kwandon yana cikin kayan ɗakinta, tsakanin tasoshi da tabarmi. Matan da suka rako ta sun yi dariya har suka riƙe ciki. Wata tsohuwa ta ce ita dai ta ga amaryar da ta zo da akuya, ta ga wadda ta zo da kaji, amma ba ta taɓa ganin wadda ta zo wa miji da ɓera ba. Balaraba ta bar su suka gama. Ta gina musu akurki na laka mai ƙofar kara, ta riƙa yanko musu ɗanyar ciyawa a bakin tabki, tana ƙara musu da harawa da dusa. Suka hayayyafa, farare da jajaye da masu dabbare-dabbare, marasa wutsiya, masu yawan tsoro da yawan ci. Kashinsu take zubawa a fangalin albasarta, albasar kuwa ta fi ta kowa girma a layin. Kowane ɗaya ta san shi da kamanninsa da halinsa, da yawa ma ta raɗa musu suna.

Haruna bai zauna kan sana'ar gado ba. Direban kamyo ya zama, wato babbar motar kaya, yana jigila tsakanin Maraɗi da Katsina ta Ɗan Issa. Amma a kowace tasha an san shi da ɗan Audu mai maganin tari, kuma kullum akwai jarka cike da jiƙon a bayan kujerarsa, yana ba abokan aiki kyauta. Wannan suna ya fi masa motar daraja.

A shekarar alif ɗari tara da casa'in da biyar tari ya kama shi. Da ya ƙi tafiya, aka gwada kakinsa a likita, wato asibiti, aka ce tarin fuka ne, aka ɗora shi kan ƙwayoyin da ake sha watanni masu yawa ba fashi. Ya fara sha a ɓoye. Da ya ji ƙarfi ya dawo, ya watsar, ya koma kan jarkarsa. Bayan kaka ciwon ya dawo masa da ƙarfin da ya fi na farko. Taubashinsu Ɗan Azumi, wanda shi ma direba ne, shi ya kawo shi gida a kwance, aka shimfiɗa masa tabarma a tsohon ɗakin mahaifinsu. Da Balaraba ta ɗauki tsumman da yake tari a ciki za ta wanke, sai ta ga jini.

Majo, wato babban ma'aikacin jinya na likitar garin, bai ɓoye mata komai ba. Ya ce wannan karon sai an haɗa da allura, kuma idan Haruna ya sake yankewa a tsakiya, ƙwayoyin cutar za su saba da maganin, daga nan kuwa ba shi da wani abin da zai ba shi. Ta koma gida ta faɗa wa ƙanenta haka, kalma bayan kalma.

"Yaya," in ji Haruna, yana numfashi da ƙyar, "kina so a ga ɗan Audu cikin layin masu tari, da gwangwani a hannu? Gobe in shiga tasha in ce mi? In ce maganin ubana na wasu ne, ni kuwa na Nasara nake sha?"

"Ka ce musu kana son ranka."

"Baba ya ce ba a haɗa maganinsa da wani. Ko dai shi, ko dai wancan. Ni na zaɓa."

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta turo masa liman, ta turo masa kawunsu. Kowa ya shiga ya fito yana girgiza kai. Kullum da safe Haruna yana kurɓar jiƙonsa, kullum kuma ƙasusuwan wuyansa suna ƙara fitowa.

Ana cikin haka wata farar mota katkat, irin mai shiga daji, ta tsaya a ƙofar gidan Balaraba. Wata matashiya ta fito, ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata. Sunanta Farida, ƴar Safo ce, ta yi karatun haɗa magunguna, kuma tana aiki a wani ɗakin bincike a babban birni. Ta ce abu biyu ne suka kawo ta, duka biyun kuwa an ce mata a dangin nan suke: ɓerayen Masar masu lafiya, waɗanda su a wurin aikinsu suke kira kobay, da kuma maganin tarin Audu.

"Mi ya haɗa ɓera da maganin tari, ɗiyata?" in ji Balaraba.

Farida ta zauna a bakin tabarma ta yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce duniya tana neman sabon maganin tarin fuka, domin wanda ake da shi yana ɗaukar lokaci, mutane suna gajiya su bari. Su kuwa suna bin masu maganin gargajiya suna karɓar abin da suke da shi, su gwada. Ba a fara gwaji a kan mutum. Ɓeran Masar yana kamuwa da wannan ciwo cikin sauƙi, huhunsa kuma yana nuna shi kusan yadda na mutum yake nunawa. Saboda haka a wani rufaffen ɗaki, inda ba a shiga sai da rufe hanci da baki, ake sa musu cutar, a raba su kashi uku. Kashi ɗaya ba a ba su komai, kashi ɗaya a ba su ƙwayar likita, kashi ɗaya a ba su maganin da ake son a sani. Sai a zuba ido a ga yadda kowane kashi zai ƙare.

"Su kuma na farkon, laifin mi suka yi da za a hana su magani?"

"Ba laifi, Inna. In babu su, ba za mu san ko magani ne ya yi aiki ko ciwon ne ya yi sauƙi don kansa ba."

"In an gama za ki maido mini su?"

Farida ta sunkuyar da kai. "Wanda ya shiga ɗakin nan ba ya fitowa, Inna. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Balaraba ta dubi akurkin, ta ce za ta yi shawara. Maganar asirin kuwa ta ce ba a hannunta yake ba, kuma mai shi ba ya cikin halin karɓar baƙi.

Washegari ta tafi yankan ciyawa, zuciyarta a cunkushe. Hanyarta ta bi ta gefen wata gona mai kyau a bakin fadama, wadda gidaje biyu suke jayayya a kanta. Gonakin da ke kewaye duk an yi noman rani, sun yi kore shar, ita kuwa tana nan fayau, sai ƙaya da tumfafiya. Kowa a garin ya san dalili: abin da yake gaban shari'a ba a taɓa shi. Tun ranar da aka kai ƙara gaban sarki, ba mai sa fartanya a ciki, ko da shi ne yake da gaskiya, sai an yanke hukunci. Balaraba ta wuce gonar nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma ran nan ta tsaya cak da lauje a hannu. Sai ta juya, ba ta yanki ko tsinke ba, ta nufi gidan mahaifinta tana haɗawa da gudu, mayafinta yana zamewa tana gyarawa.

"Haruna! Tashi ka ji! An zo neman maganin Baba daga birni!"

Ya ɗago kai. "Wa ya zo?"

"Masu bincike. Mota guda suka yo, sunan Audu suke tambaya tun daga Maraɗi. Za a kai shi a gwada shi da ƙwayar Nasara, ƙiri da muzu, ɓerayena ne shaidu. Sai dai in kana jin tsoro."

"Tsoro?" Ya yunƙura ya zauna, tari ya sarƙe shi, ya ɗaga hannu a jira shi. "Ni nake tsoro? A kira ta yanzu!"

"Tsaya tukuna. Ka san ƙa'ida. In ka kai shi gaban shari'a, ya zama abin shari'a. Gonar bakin fadama wa ya noma ta bana?"

"Ba kowa," in ji Haruna.

"Ba ka sha, ba ka ba kowa, sai hukunci ya fito. In ka kurɓa ko sau ɗaya, ka janye ƙara ke nan, gari kuwa zai ji."

"To kafin nan in zauna haka, ba magani?"

"Wa ya ce? Ga na likita can. Ba haɗawa ka yi ba, tunda ka ajiye ɗaya. Duk wanda ya gan ka a layi, ka gaya masa naka yana gaban alƙali."

Ɗan Azumi, wanda yake zaune a bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa, ya fashe da dariya. "Kai, uwar ɓeraye! Wallahi da namiji ce ke, da tuni kin ƙwace kujerar alƙalin Maraɗi. Haruna, ka yarda mana. Ko kana gudun ɓera ya tona maka asiri?"

"Rufe mini baki, mai tuƙin akwala," in ji Haruna. Amma idanunsa sun riga sun kawo haske, irin wanda Balaraba ta daɗe ba ta gani ba.

Aka kira Farida. Ta ɗaure hanci da baki, ta zauna a tsakar gida inda iska take kaɗawa, Haruna ya sa kowa ya ja da baya, ya faɗa mata sunayen itatuwan da muryar da ba ta wuce kunnenta ba, bayan ta yi alkawarin cewa da sunan Audu za a san maganin duk inda ya je. Aka ɗibar mata sassaƙe da saiwa. Sauran duka, har da abin da ke cikin jarka, aka juye a babbar tukunyar, Balaraba ta kwaɓa laka ta liƙe bakinta a gaban Ɗan Azumi da kawunsu. Da gari ya waye, amalanken jaki ya tsaya a ƙofar gida, aka ɗora Haruna, aka nufi likita.

Saura ɓeraye. Farida ta ce sai matasa masu girma ɗaya, kuma ta hana duk mai tari kusantar akurkin. Ta aske ɗan gashi a gefen cikin kowane, ta yi masa wata ƴar allura ta gwaji, ta dawo bayan kwana biyu ta duba, ta ce duka lafiyarsu lau. Balaraba da hannunta ta zaɓe su, tana sa su a kwanduna tana kiran sunayensu: ga Ƙyalla mai farin goshi, wadda ta fi kowa ci, ga Baƙin Kunne, ga Sarkin Tsoro. Ta cusa musu ganyen dankali ta ko'ina don kada ƙishirwa ta kama su a hanya. Yaran unguwa da matan makwabta suka cika ƙofar gida. Ɗan Azumi ya ce shi zai yi wa motar rakiya har bakin kwalta, domin shaidu ba sa tafiya ba ɗan rakiya.

"Taubashiya, in jandarma suka tsayar da su, ina takardunsu?"

"Su ba irinka ba ne, ba su taɓa ɗauko kayan da ba nasu ba."

Aka kwashe da dariya. Balaraba ma ta yi, amma da motar ta ɓace, ta shiga ta zauna gaban akurkin da ya rage rabi, ta daɗe ba ta tashi ba.

Labari ya bazu kamar an yi shela. A tasha direbobi suka rabu biyu, masu cewa na Audu zai yi nasara da masu cewa ƙwaya ba ta da abokin karawa. A kasuwa mata suna tsayar da Balaraba suna tambaya ko an ji wani abu daga shaidu. Masunta a bakin tabki suka riƙa tsokanar Lawali, suna ce masa mijin uwar shaidu. Haruna kuwa, wanda a da yake gudun a gan shi a likita, yanzu shi yake zama a gaban layi, yana ɗaga murya: "Ku gane, ni ba don kaina nake zuwa ba. Nawa yana gaban shari'a." Majo yana jin sa, ya miƙa masa ƙwaya da ruwa, ya tsaya a kansa har sai ya haɗiye.

Balaraba ba ta taɓa fashin rakiya ba. Aka gama allurai, aka ci gaba da ƙwaya. Jinin ya tsaya, zufar da take jiƙa masa tabarma ta ɗauke. Ya daina hawa amalanke, ya koma tafiya da ƙafarsa. Ya fara neman ƙarin tuwo. Kowace safiya tana duban wuyansa tana ganin yana cikowa, sai ta ji kamar ta yi rawa a tsakiyar hanya. Abu ɗaya ne yake tsinka mata zuciya: kada hukunci ya riga ƙarshen magani isowa. Duk ƙarar motar da ta ji a layinsu sai gabanta ya faɗi.

Haka kuwa aka yi. Damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, majo yana cewa da sauran tafiya, sai ga farar katkat ta dawo, jikinta duk taɓo. Kafin Farida ta gama gaisawa, ƙofar gidan Audu ta cika maƙil. Direbobi sun baro motocinsu, mata sun leƙo ta kan danga, Ɗan Azumi ya kawo kamyonsa ya tare hanya. Aka shimfiɗa tabarma a gaban zaure, Haruna ya zauna a tsakiya da babbar rigarsa.

Farida ta fara da kashin da ba a ba komai ba. Ta ce sun daina ci, sun rame, sun mutu. Jama'a suka ce Allah sarki. Sannan ta ce kashin da aka ba maganin Audu sun ba su mamaki: ba su daina ci ba, jikinsu bai zube ba, kuma sun daɗe a raye bayan na farkon sun ƙare.

Ba a bari ta kai aya ba. Wuri ya kaure. Ɗan Azumi ya haye mota ya danne oda, direbobi suna tafawa, wani tsoho yana kiran sunan Audu yana hawaye. Balaraba kanta ba ta san lokacin da guɗa ta kuɓuce mata ba. Ubanta ne, kuma hannunta ne ya daka wannan sassaƙe shekara da shekaru. Tana cikin guɗar ta ga an fito da tukunyar daga ɗaki, an dire ta gaban Haruna, shi kuwa ya ɗauki dutse zai fasa lakar. Nan take ta katse guɗar.

Ta kutsa cikin maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya gaban Farida.

"Ɗiyata, ni ba ki ba ni labarin nawa ba. Ƙyalla, mai farin goshin nan, wane kashi ta faɗa?"

Hayaniya ta fara lafawa.

"Kashin maganin Baba Audu, Inna."

"Tana ci?"

"Ta fi kowa ci, har ƙarshe."

"Wane ƙarshe?"

Farida ta dubi Haruna, sannan ta dubi jama'a, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ta mutu, Inna. Da ƙibarta ta mutu. Duk ƴan kashinta haka suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Da muka duba huhunsu, cutar ta cinye shi kamar na waɗanda ba a ba komai ba. Waɗanda aka ba ƙwaya ne kaɗai ciwon bai kashe ba, huhunsu kuma ya kusa wankewa sarai."

Ɗan Azumi ya sauko daga mota a hankali. Dutsen yana hannun Haruna, bai ɗaga ba, bai ajiye ba.

"To mi ya hana su ramewa?" in ji Haruna.

"Abin da ba mu sani ba ke nan, Malam Haruna, kuma shi ya dawo da ni. Magunguna da yawa muka gwada bana, ba wanda ya yi haka sai naku. Bai kashe cutar ba, wannan kam a fili yake. Amma akwai abin da yake riƙe jiki a cikinsa, kuma shugabanmu yana so a sake gwaji, a ba wasu shi tare da ƙwaya, a gani ko zai taimaka. Ina bukatar ƙarin sassaƙe, da ƙarin ɓeraye in Inna ta yarda."

"Jama'a, kun ji!" in ji Ɗan Azumi. "An ɗaukaka ƙara!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka ce a yi shiru. Balaraba ba ta ƙara ko kalma ba. Ta san ƙanenta: in ta matsa masa a gaban mutane, zai fasa lakar don kawai a san shi ne mai asirin. Ta harɗe hannuwa a ƙirji tana jira.

"In ya yi kyau a karo na biyu, har ina za a kai shi?" in ji Haruna.

"Ba zan yi maka alkawari ba. Amma in ya yi, akwai ɗakunan bincike da suka fi namu, har a ƙetaren teku."

Haruna ya juya dutsen a tafinsa. Ya ja hannun rigarsa sama, ya dubi damtsensa da ya ciko, ya daɗe yana dubawa. Da ya yi magana, a hankali ya yi, kamar da kansa yake.

"Da ƙibarta, kika ce."

"Da ƙibarta."

Ya ajiye dutsen a gefen tabarma. Sannan ya gyara zaman hularsa, ya dubi direbobin da suka kewaye shi, muryarsa ta dawo irin ta tasha. "Ku mi kuke jira? Maganin da ake shirin kaiwa ƙetaren teku shi za a buɗe muku a ƙofar zaure? A mai da tukunya ɗaki! Ɗan Azumi, gobe ka zo da gatari, mu shiga daji."

"Bayan an dawo daga likita," in ji Balaraba.

"Bayan an dawo daga likita, ranki ya daɗe, alƙaliya."

Wurin ya sake kaurewa, wannan karon har da masu goyon bayan ƙwaya, domin kowane ɓangare ya tafi yana cewa shi ya ci. Balaraba ta koma gida ta buɗe akurki, ta tsuguna tana duba matasan da suka taso, tana auna su a hannu. Ta ba Farida kwanduna biyu, sai dai waɗannan ba ta raɗa musu suna ba.

Hukunci na biyu ya yi nisan zango, har mutane suka gaji da tambaya. Gero ya yi kai, aka yi girbi, aka ɗaure dammuna. Haruna bai tsallake ko safiya ɗaya ba. Ranar da ya haɗiye ƙwayar ƙarshe aka karɓi kakinsa, aka ce su dawo. Suka dawo su uku, shi da Balaraba da Ɗan Azumi, suka zauna a benci a farfajiyar likita, tsakanin mata masu goyo da wani tsoho mai ciwon ƙafa. Majo ya fito yana goge tabarau, ya tsaya a bakin ƙofa, ya kira sunan Haruna Audu.

"Mun duba, mun sake dubawa. Ba mu ga komai ba. Ka warke."

Balaraba ta miƙe, ta kama hancinta, ta rangaɗa guɗar da ta tashi tantabarun da ke kan rufin kwano. Jarirai suka fashe da kuka, tsohon nan ya manta da ƙafarsa ya miƙe tsaye.

"Haba, Hajiya!" in ji majo. "Nan likita ce, ba gidan biki ba. Akwai marasa lafiya a ciki."

"Ka yi haƙuri, Majo," in ji ta, tana share ido da bakin mayafi. "Saura ɗaya."

Ta ja numfashi, ta sake rangaɗa wata, wadda ta fi ta farko tsawo.